Layi Biyu

Ranar Talata ce, ranar awo a asibitin Sindo.
Ruwan daren jiya bai gama ɗiga daga kwano ba
mata suka cika benci,
kowacce da katinta a cikin leda,
kowacce da taɓon bakin Nam Lolwe a dunduniya.

Ni ce mai huda yatsa.
Ɗigo ɗaya nake roƙo, ba yawa,
in zuba shi a bakin 'yar farar roba,
in zauna gadin minti goma sha biyar
kamar mai gadin tukunyar da ba ta san me aka jefa a ciki ba.
Layi ɗaya, tashi ki wuce wurin ungozoma.
Layi biyu, zauna tukuna.

Apondi ce ta bakwai.
Cikin fari, wata biyar, ɗan kunne a kunne guda.
Ta ce, "Ni fa garau nake, ko kai bai sara mini ba.
Da asubar nan na ɗauko kwandon kifi
daga bakin kwalekwale har kasuwa."
Na taɓa goshinta, sanyi kamar gindin randa.
Na ja fatar idonta ƙasa,
fari fat, kamar an ɓare rogo.
Roba kuwa ba ta jin kunyar kowa.
Layi biyu.

Na ce mata, baƙo ne da bai yi sallama ba.
Bai tsaya a goshi ba balle ki ji zafinsa,
ya zarce can ciki, ya naɗe ƙafa a mabiyiya,
inda ɗanki ke cin abinci,
yana riga shi sa hannu a kwano.
Ke kina ganin ciki na tasowa,
shi yaro yana kwana da rabin ƙoshi.

"Ina gidan sauron da muka ba ki wancan watan?"
Ta dubi yatsun ƙafarta.
"Okeyo ya shimfiɗa shi a kan yashi,
omena muke shanyawa a kai.
Ya ce sauro cizo yake yi,
yunwa kuwa haɗiya take."
Na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna
kifin da na ci da ugali daren jiya,
ban tambayi a kan me ya bushe ba.

Na ɓallo ƙwayoyin farko, ta haɗiye a gabana,
ta yamutse fuska, ta miƙo mini kofi.
Safe da yamma, kwana uku, kada ki rage wa kowa.
Na ɗauko sabon gidan sauro daga ƙasan kabad,
na rubuta sunanta a ledarsa da manyan baƙaƙe,
ko Okeyo zai ji nauyin sunan.

Da la'asar na ja layi a ƙasan littafi.
Ashirin da uku suka zo.
Tara suka zauna tukuna.
Ƙarshen wata wani zai zo a babur daga Homa Bay
ya kwashe su a jaka,
ya mayar da su kashi kaza cikin ɗari.
Kashi kaza ba ya ƙarnin kifi,
bai taɓa ɓatar da ɗan kunne ba,
ba ya tambaya ko yaron zai zo da ransa.

Kowa ya watse. Fitilun masunta sun fara jeruwa a kan ruwa.
Na tura ƙofa, na wanke hannu.
Wata uku ke nan ban ga al'ada ba,
ko mijina ban gaya wa ba tukuna.
Na zaɓi yatsan da bai cika aiki ba,
na huda, na ɗiga, na kifa agogo a kan tebur.

Ashirin da huɗu.
Wani sauro ya zo kusa da kunnena,
shi ma yana jira.